Kwabo Biyu a Akushin Inna

Gidanmu na Ƙofar Kware gidan baƙi ne tun kafin a haife ni. Mahaifina fatoma ne, wato mai saukar da fatake. Yakan ba su ɗaki, ya ciyar da su, ya haɗa su da masu kaya, in ciniki ya faɗa ya karɓi la'adarsa. Buzaye sun sauka a gidan da gishirinsu, Larabawa sun sauka, Kanawa masu neman jar fata kuwa ba a ma maganarsu. Da ya rasu sana'ar ta faɗo kaina, ina da shekara talatin da 'yan kai, ina ji da kaina fiye da yadda ya kamata. Ɗakunan da na gada ba wasu na a zo a gani ba ne. Babban gadon shi ne sunan gidan, domin ba a taɓa jin baƙonmu ya kwashe kayansa ya koma gidan wani fatoma ba. Mahaifiyata, wadda duk unguwa ke kira Inna, ita ke riƙe da wannan suna, don daga tukunyarta yake fitowa.

A shekarun nan ne Turawa suka zauna da gindinsu a Sakkwato. An daina karɓar wuri a haraji, kuɗin ƙarfe masu huda a tsakiya sun shiga kasuwa, tsofaffi suna juya su a hannu suna tsaki. Wata rana da bazara wani dillali abokina na Kano ya aiko mini da baƙo. Bature ne, amma ba na mulki ba. Mutumin Amirka ne, wani kamfanin fata na Ingila ya turo shi sayen fatun jar akuya. Turawan bariki ba su ba shi masauki ba, ashe su ma kallon bare suke yi masa. Dogo ne, siriri, wuyansa ja kamar an dafa, ya yi wata shida a Kano ya tsinto Hausa irin tasu, ya kuma kakkarya ta a hanya. Na sauke shi a shigifar waje mai ƙofarta daban, inda Larabawa kan sauka.

Ya zo da akwatuna cike da abincin gwangwani, da gidan sauro, da wata tukunyar dafa ruwan sha. Na dubi gwangwanayen na ce masa za su ƙare kafin damina, kuma raƙumin da zai kawo wasu ba ya sauri. Na sa aka kafa masa randa biyu a inuwa. Na haɗa shi da mai kawo ruwa, da mai itace, da mai ciyawar doki, da wata Bafillatana mai nono. Kowa ya sayar masa a kuɗin da yake sayar mana, tunda baƙon gidanmu ne. Abu ɗaya na lura da shi tun ranar farko. Kalmar da ya fi iyawa a Hausa ita ce "nawa". Tabarma nawa, igiya nawa, turken doki nawa. Maƙwabcinmu ya rantse har inuwar darbejiyar ƙofar gida ya ji yana tambaya, amma wannan na san ƙari ne.

Da la'asar sakaliya Inna ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar sure, ta zuba man shanu ba ƙyashi. Ta sa a baƙin akushin nan da ba ya fita sai don babban baƙo, ta rufe da faifai. Ni na kai da hannuna. Da na koma ɗaukar akushin na tarar ya cinye tas, raina ya yi fari. Na ɗaga faifai sai ga kwabo biyu a kwance a gindin akushin.

Na yi dariya, na ɗauka tukuici yake nufi. Na ce masa tukuici ɗan aike ake ba, ni kuwa maigida ne.

Ya ce, "Ba naka ba. Na mai dafawa. Na tambaya a kasuwa nawa tuwo. Na ƙara don mai."

A nan na yi kuskuren da har yau in na tuna nakan ji kunya. Da na zauna na gaya masa cewa a garin nan ba a biyan tuwon masauki, da magana ta mutu a wurin. Amma ban saba gyara wa Bature magana ba, ga shi kuma ina hangen cinikin da bai taɓa shigowa gidanmu ba. Sai na zura kuɗin a aljihu, na kai wa Inna akushi na ce baƙo ya yaba ƙwarai. Kwabban na jefa su a wata gora a ɗakina. Washegari haka, jibi haka. Fiye da wata guda ina tare akushin a hanya, ina kwashe abin da ke ciki, ina jin kaina mai dabara.

Kwanakin nan sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Mahauta suna kawo fatu tun da safe, shi yana ɗaga kowace ga hasken rana yana neman inda wuƙa ta ɓata. Ya san aikinsa. Shi ya nuna mana cewa fatar da aka shanya a inuwa ta fi wadda aka baje a ƙasa cikin rana daraja, kuma ya biya bambancin ba gardama. Da azahar in zafi ya kai inda ya kai, sai ya jiƙa tawul ya ɗora a ka, ya zauna yana kallonmu muna shan fura kamar yana mamakin yadda ba mu narke ba.

Sai tafiya ta kama ni zuwa kasuwannin ƙauye tara fata, kwana uku. Na tsara komai kafin in tashi, na manta da abu ɗaya. Tsohuwar da ke yi wa Inna daka ita ta riƙa kai akushi tana dawo da shi a rufe, yadda ta ɗauko.

Na dawo da hantsi, na shiga gaida Inna. Na same ta zaune bakin ɗakinta, faifai a gabanta, kwabo shida a jere a kai. Ba ta amsa gaisuwata ba sai da na maimaita.

Ta ce, "Wanga hwa, mi na?"

Na fara kame-kame.

Ta ce, "Tun yaushe shika aza kuɗɗi cikin akushina?"

Na faɗa mata gaskiya, don ba a yi wa Inna ƙarya ido da ido. Ta sa na ɗauko gorar. Ta girgiza ta kusa da kunnenta, ta ajiye a bayanta.

Ta ce, "Shekara arba'in nika tuƙa tuwo gidan ga. Ubanka bai taɓa bari a maishe ni 'yat tuwo-tuwo ba. Kai ka bari, kuma ka ɓoye. Tunda saye shika so, kasuwa na nan, shi tai shi saya."

Ba ta ɗaga murya ba. Daga ranar baƙin akushi ya koma kan jere, bai sake fita ba.

Wanda bai zauna cikin gari irin namu ba zai ce ai tuwo ne kawai. Unguwa tana da ido. Kwana biyu ba a ga akushi ya ratsa zaure ba, kowa ya gane cewa Baturen nan ba baƙon kowa ba ne yanzu, mai saye ne kawai da ya sami ɗaki. Tulun ruwan da ake kawo masa a anini ya koma kwabo. Ƙwai ya ninka, ya sake ninkawa. Nonon da ke zuwa da kauri ya fara zuwa tsararo. Na tare mai itace a ƙofar gida na zazzaga masa, na ce ba ya jin kunyar cutar baƙona. Ya sauke damin a hankali ya dube ni.

Ya ce, "Baƙonku na? To ina akushi?"



Abin bai tsaya ga ruwa da itace ba. Mahauta suna kawo wa baƙo fata mai kyau ne saboda gidan da ya tsaya masa. Da suka ga gidan ya janye hannu, sai zaɓaɓɓun fatu suka fara bin wata hanya, mu a kawo mana tarkace. Akwai wani fatoma a Ƙofar Taramniya, mai zaƙin baki, wanda ya daɗe yana jin haushin gidanmu. Sai ga shi ya zo gaida baƙona sau biyu cikin mako guda, da babbar riga da goro. Na san abin da ke tafe da shi. In Baturen ya koma wurinsa, to ni ne ɗan da sunan gidan ya mutu a hannunsa, kuma a kan kwabo biyu. Na roƙi Inna har na gaji. Na turo mata kawuna, ya fito yana girgiza kai.

Baƙon kuwa ya koma kan gwangwaninsa, ya ƙara ramewa, in da akwai sauran inda zai rame. Wata la'asar muna zaune muna ware fatu, ya ajiye wadda ke hannunsa ya ce zama ya yi masa tsada, kamfani ba zai ɗauka ba. Ƙarshen wata zai koma wurin mutumin Ƙofar Taramniya, wanda ya yi masa alkawarin komai da araha. Sannan ya tambaye ni ko tsohuwa ba ta da lafiya ne, ko kuwa kuɗin ne suka yi kaɗan, don in haka ne zai ƙara.

Ranar na aje tsoron Bature gefe na gaya masa komai, har da gorar. Na ce masa matar da ke sayar da tuwo ga baƙi daban, uwar gidan fatoma daban, kuma shi ya haɗa su a akushi ɗaya, ni kuma na taya shi. Fuskarsa ta yi ja har kunne. Sannan ya ba ni labarin da zan faɗa da tawa Hausar, don tasa ba za ta rubutu ba.

Ya ce shi ɗan manomi ne. A ƙauyensu na Amirka in baƙo ya tare, maƙwabta kan kawo masa abinci, ba mai zancen kuɗi. Da ya zama saurayi ya ƙetare teku zuwa Ingila neman aiki, yana ganin tunda harshensu ɗaya ai gida ya je. Ya kama ɗaki a saman benen wata mata a wani gari na bakin teku. Kuɗin ɗaki duk mako. Ƙasar ga sanyi, gawayin jin ɗumi kuma da bokiti ake auna masa, kowane bokiti da kuɗinsa. Ruwan zafi na wanke fuska da kuɗinsa. Wankin riga da kuɗinsa. Har fitila ma, wani akwatin ƙarfe ne a bango, sai ka jefa masa kwabo take kamawa, in kwabon ya ƙare ta mutu, ko kana tsakiyar cin abinci. Albashin da ya ji da girma tun yana gida, kafin mako ya ƙare ya zama ba komai. Ya koyi tafiya wurin aiki da ƙafa, ya koyi kwanciya da rigar sanyi don ya rage gawayi.

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da shi. Matar gidan ta hau da dafaffen ƙwai guda ta ba shi. Ya ce har ƙwalla ya yi, ya yi ta godiya, ya ce ta tuna masa da uwarsa. Ƙarshen mako da ta kawo takardar kuɗin ɗaki, sai ga ƙwan a ciki. Ya ce kuɗin ba su dame shi ba, godiyar da ya yi ce ta tsaya masa a wuya. Tun daga ranar ya yi wa kansa alkawari ba zai sake sa abu a baki ba sai ya san nawa ne.

Ya ce, "Ni ban so in raina ta ba. Ingila ta koya mini."

Na kwashi labarin nan ɗumi-ɗumi na kai wa Inna. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba, har na zo kan ƙwai. Nan hannunta ya tsaya.

Ta ce, "Ƙwai guda? Ga maras lahiya?"

Na ce haka ya ce.

Ta ce, "Su waɗanga da sunka ci mu da yaƙi, ƙwai guda ba su iya ba mutum?"

Na ga alamar ƙofa ta buɗe, sai na yi saurin cewa baƙo yana so ya aiko mata da turmin zane na ban-haƙuri. Ta harare ni.

Ta ce, "Wanga ma biya na, riga dai anka sa mai. Ba ni son zane nai. In yana jin yunwa, shi zaka shi hwaɗi da bakinai. Haka ɗiya ka yi."

Da na kai masa saƙon, na ga abin ya fi masa biyan fam goma wuya. Ya tambaye ni ko ba zai iya rubutawa ba. Na ce Inna ba ta karatun boko, kuma ko tana yi ba za ta karɓa ba. Ya tambaya ko ni zan faɗa a madadinsa. Na ce ai ni na riga na yi masa wakilci sau ɗaya, ga inda ya kai mu. Kwana uku yana kai da kawo. Mutumin Ƙofar Taramniya har ya aiko a duba yawan akwatunan, don a san jakai nawa za a turo.

A rana ta huɗu da hantsi, lokacin da ƙofar gida ta fi cika da mahauta, ya fito daga shigifarsa. Ya cire hular kwanonsa, ya tuɓe takalma a bakin zaure, abin da ban taɓa ganin Bature ya yi ba. Ya ratsa zauren ya tsaya a ƙofar ciki, bayan asabari.

Ya ce, "Salamu alaikum. Inna, ina kwana."

Daga can ciki ta ce, "Lahiya lau. Wa na?"

Ta san ko wane ne sarai. Duk Sakkwato ba mai irin wannan Hausar sai shi.

Ya ce, "Baƙo ne. Inna, ina jin yunwa."

Ta bar shi tsaye a wurin. Sannan muka ji ta ce, "Gwangwanin ya ƙare?" Mahauta suka fashe da dariya, shi ma ya yi. Ba a jima ba tsohuwar nan mai daka ta fito da ƙwaryar fura, ta ce Inna ta ce ya fara da wannan, ya kuma zauna ya sha a nan zaure inda kowa zai gani. Ya zauna a tabarma ya naɗe dogayen ƙafafunsa da ƙyar, ya shanye. Da la'asar baƙin akushi ya fito.

Ban yi wa kowa magana ba, amma washegari tulun ruwa ya koma anini, nono ya dawo da kaurinsa, mai itace ya ƙara masa 'yan ƙirare a kan dami. Jakan Ƙofar Taramniya ba su zo ba.

Shekara biyu ya yi tare da mu, kuma ina lissafa su cikin shekarun da na fi jin daɗi. A kasuwa bai daina cewa "nawa" ba, har ya iya taya kaya ya fi Bakano taurin kai. Amma a gida ya koyi zama. Ya gane cewa in Salla ta zo ana aika goro, ba don tuwon jiya ba. Aka fito masa da ƙyauren ɗakin Inna da ya shekara yana kuka, ya gyara mata shi a zaure. Da idonta ya yi ciwo ya kawo wani ruwan magani, ta yi masa tsiya ta ce yana yaji, amma ta ɗiga. Wani lokaci in miya ta yi masa daɗi yakan aiko a ce a ƙara, ita kuma ta yini tana ba maƙwabta labari wai Baturenta ya fi ɗanta ci.

Sai takarda ta zo, kamfani ya kira shi ya koma Ingila. Inna ta yi kwana uku tana haɗa guzuri, kilishi da dakuwa da soyayyar gyaɗa, kamar wanda zai tafi Makka da ƙafa. Ranar tafiya da safe, an gama ɗaure kaya, sai ta yafa mayafi ta fito zaure. Ranar ya fara ganin fuskarta. Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya ga muna yi.

Ta zaro wani abu daga cikin mayafi. Kwabban nan ne na gora, duka, har da shidan da suka tona mini asiri. Ta zura su a igiyar fata ta hudar tsakiya, ta ƙulle bakin.

Ta ce, "Ungo. Ka riƙa ba akwatin ga na bango, kak ka zamna cikin duhu. In ka yi ciwo kuma ka sai ƙwanka, kak ka jira matag ga."

Ni na san kwabonmu mai huda ba ya ci a Ingila, don shi da kansa ya taɓa gaya mini. Na dube shi. Na ga hannunsa na dama ya doshi aljihu, irin na tsohon sabo, sai ya tsaya a hanya. Ya miƙa hannu biyu ya karɓa. Bai gaya mata ba sa ci a can ba, ni ma ban gaya mata ba. Ya rataya su a wuya, ya tura cikin riga, ya ce, "Na gode, Inna." Da ya hau doki muna jin ƙararsu a ƙirjinsa har ya sha kwanar ƙofar gari.

Da la'asar Inna ta tuƙa tuwon shinkafa kamar kullum. Sai da ta cika baƙin akushin ta rufe da faifai, ta kira ni in kai, sannan ta tuna.